Nawa Ake Haɗa Sola a Gida, Kuma Ta Yaya Za Ka Biya?

Yau maganar kuɗi za mu yi, don haka wanda yake da biro da takarda a kusa ya jawo su, akwai ɗan lissafi a gaba. Tambaya ɗaya ce ta fi yawa a cikin saƙonnin da nake samu tun da aka shiga zafi: wai nawa zan tanada in haɗa sola a gida, kuma in ba ni da kuɗin a dunƙule, akwai hanyar biya kaɗan-kaɗan da ba za ta shaƙe ni ba?

Ni dai ba injiniya ba ne, in faɗa muku tun yanzu. Abin da ya sa nake da bakin magana shi ne na haɗa sola sau biyu a gidanmu, kuma na farkon asara na tafka. A farkon 2024 ne, lokacin da dala take tashi kullum kamar ana hura ta. Hajiyarmu tana sana'ar ƙanƙara da zoɓo, wuta kuwa sai a hankali, sai muka haɗa kuɗi ni da yayana muka kira wani mai haɗa sola da aka ce mana ya iya aiki. Ya faɗi kuɗi da baki, muka tura masa kashi 80 cikin 100, babu takarda, babu komai. Bayan sati biyu ya kira ya ce kaya sun tashi, sai mun ƙara. Muka ƙara. Ya zo ya kafa mana batira biyu masu ruwa, fes da su kamar sababbi. Ba su kai wata takwas ba suka fara mutuwa kafin ƙarfe ɗaya na dare. Da muka kai wa wani ya duba, sai ya nuna mana tsofaffi ne aka wanke aka sake manna musu takarda. Muka koma wajen mutumin, ya ce ina rasit? Shi ke nan, magana ta ƙare. Har yau in Hajiya tana son ta tsokane ni sai ta ce, ɗan boko an yi maka wayo.

To, me ya sa kowa ya koma maganar sola? Kun san labarin. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Afrilu 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage zuwa 200 da 'yan kai. Sannan ga abin da ya faru a ƙarshen Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka kwana fiye da sati a cikin duhu. Wanda yake da sola a unguwa a lokacin ya zama sarki, gidansa ya koma wajen cajin waya. Kai, ita kanta fadar shugaban ƙasa an ware mata naira biliyan 10 a kasafin 2025 don a kafa mata sola. In Aso Rock ta gaji da kuɗin wuta, ina ga ni da kai?

Kuskuren farko da muke yi shi ne tambayar da muke shiga kasuwa da ita. Sai mutum ya je Sabon Gari ya ce, "Malam, nawa ne sola mai 3.5?" Wannan lambar ta inbata ce kawai, wato akwatin da ke juya wutar batir ta koma irin wadda kayan gida suke sha. Tana gaya maka yawan kayan da za ka iya kunnawa a lokaci guda. Ba ta gaya maka awa nawa za su yi a kunne ba. Wannan aikin batir ne. Shi ya sa za ka ga mutum biyu, kowa ya ce 3.5 gare shi, ɗaya ya biya miliyan ɗaya da rabi, ɗaya ya biya miliyan uku da rabi, kuma babu wanda aka cuta. Batirinsu ne ya bambanta.

Abin da ya kamata ka fara yi shi ne ka zauna ka rubuta me kake son kunnawa, kuma na awa nawa. Bari in ba ku na gidanmu. Fanka uku, kowace tana shan wajen wat 60, in sun yi awa 10, ka ga wat 1,800 ke nan. Ƙwan fitila takwas masu wat 10, awa shida, 480. Talabijin da dikoda, a ce wat 80, awa biyar, 400. Firji madaidaici, tunda ba kullum injinsa yake aiki ba, yana kashe kansa yana tashi, a ba shi 1,200 a yini. Cajin wayoyi da kwamfuta, 300. In ka haɗa za ka samu wajen 4,200. Kowane 1,000 shi ne yunit ɗaya irin wanda kake saya a mita, ka ga gidan yana cin yunit huɗu da ɗan ɗoriya a rana. A cikin nan, wajen yunit uku da dare ake shan su, lokacin da babu rana. Wannan yunit ukun shi ne zai gaya maka girman batirin da za ka saya, kuma shi ne zai cinye rabin kuɗinka.

Ku lura ban sa dutsen guga ba, ban sa hita ba, ban sa na'urar sanyaya ɗaki ba. Dutsen guga shi kaɗai yana jan wat 1,000 ko fiye. Duk abin da aikinsa kawo zafi ne, maƙiyin batir ne. In dole sai an yi guga, a yi da tsakar rana lokacin da farantan suke kawo wuta kai tsaye. Firizar Hajiya ma haka muka yi da ita, da rana take aiki, da magariba a kashe, ƙanƙarar ta riƙe kanta zuwa safe.

Yanzu farashi. Zan ba ku abin da ke cikin takardar da aka rubuta mini a karo na biyu, na daidaita lambobin don lissafi ya yi sauƙi. Kada wani ya ɗauki wannan ya je yana faɗa da ɗan kasuwa, don kusan duk kayan nan daga China ake shigo da su, farashinsu da dala yake tafiya. Abin da nake so ku riƙe shi ne yadda kuɗin yake rarrabuwa. Faranti huɗu masu wat 550, kowane naira 120,000, ya kama 480,000. Inbata mai 3.5, wadda take haɗe da na'urar cajin batir a cikinta, 450,000. Batirin litiyom mai ɗaukar yunit biyar, miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Wayoyi, ƙarafunan ɗaure faranti a kan rufi, burekoki, na'urar kare kaya daga tsawa, da sandar da ake binnewa a ƙasa, 320,000. Kuɗin aiki 150,000. Jimla miliyan biyu da dubu ɗari takwas.

Ka ga batir shi kaɗai rabin kuɗin ne cif. Farantan da kowa yake kallo a kan rufi yana cewa wane ya yi kuɗi, su ne suka fi araha in ka duba aikin da suke yi, kuma su ne suka fi daɗewa. Kamfanoni irin su Jinko da Longi da Canadian Solar suna ba da tabbacin shekara 25 ko fiye a kan ƙarfin wutar da farantinsu zai riƙa bayarwa. Mu kuma a nan Allah Ya hore mana rana. In ka ɗauki awa biyar na rana mai ƙarfi, ka cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da abin da ke salwanta a waya, faranti huɗun nan za su ba ka wajen yunit takwas a yini. Ya ninka abin da gidan yake ci, kuma da gangan aka yi haka, saboda ranakun hadari a watan Agusta da hazon hunturu. Shawarata, in za ka yi tsumulmula, kada ka yi ta a faranti. Batirin da ba ya cika kullum shi ne yake saurin mutuwa.

Bari mu tsaya a kan batir, don nan ne ake yi wa mutane wayo, kuma nan ne mutane suke yi wa kansu wayo. Mai haɗa maka zai iya cewa, ai ba sai ka sayi litiyom ba, ga tubula, wato dogayen batiran nan masu ruwa, biyu sun isa, kowane 300,000. Ka ga lissafinka ya sauko daga miliyan 2.8 zuwa miliyan 2. Ranka ya yi fari. To amma mu duba. Tubula mai lamba 220 a kan bolt 12, in ka ninka, yana ɗaukar wajen yunit 2.6. Sai dai irin wannan batir ba a so ka sha fiye da rabinsa, in kana zuƙe shi ƙaf kullum ba zai yi ƙarko ba. Ke nan abin amfaninka a kowane ɗaya yunit 1.3 ne, biyu su ba ka 2.6. Mu kuma mun ce muna buƙatar uku da dare. Bai kai ba. Ko dai ka kashe fanka ƙarfe uku na dare, ko ka riƙa zuƙe batiran su mutu da wuri, ko ka sayi huɗu. In ka sayi huɗu, miliyan 1.2 ke nan. Tsakaninsa da litiyom saura 200,000 kacal.

Shi kuwa litiyom za ka iya shan kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa, wato yunit huɗu ko fiye daga mai biyar. Masu ƙera shi suna rubuta cewa zai yi caji da saukewa sau 4,000 zuwa 6,000. In sau ɗaya ne a rana, ya haura shekara goma a takarda. Na ce a takarda fa, don zafin Kano na watan Afrilu ba ya raga wa kowane batir. Amma tubula, in an kula da shi, ana zuba masa tataccen ruwa a kan lokaci, shekara biyu zuwa huɗu aka saba gani. Kafin litiyom ɗaya ya gaji, ka canja tubula sau biyu ko uku. Ba ina cewa kada kowa ya sayi tubula ba. Wanda abin da ke hannunsa ke nan, kuma fitila da fanka ɗaya yake so, ya saya, ya fi zama a duhu. Amma ya san cewa ya ɗauki bashin da zai biya nan da shekara uku, ya fara tanadi tun yanzu. Kuma ko wane iri ka saya, kada ka ajiye shi a ɗakin da rana take dukan bangonsa. Batir mai ruwa kuma yana fitar da iska mai iya kama wuta lokacin caji, don haka ba a kulle shi a ɗakin kwana.

Waccan 320,000 ta wayoyi da burekoki ita ce mutane suka fi yin ciniki a kai, kuma ita ce bai kamata a taɓa ba. Siririyar waya tana zafi, tana cinye wutar da ka saya da tsada, wani lokacin ita ce silar gobara. Akwai waya a kasuwa da za ka ga kamar jan ƙarfe ce, alhali alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ka sa a kankare bakinta a gabanka. In an cire na'urar kare tsawa don a rage maka 40,000, damina ɗaya tana iya tafiya da inbatar 450,000, kuma yawancin garanti ba ya ɗaukar ɓarnar tsawa.

To, mu zo kan biya, wanda shi ne ainihin abin da ya tara mu.

In kana da kuɗinka a hannu, matsalarka ɗaya ce, yadda za ka sake su. Abin da aka saba shi ne mai aiki ya nemi kafin alƙalami mai kauri, kashi 70 ko 80, saboda da shi zai sayo kaya. Hujjarsa tana da ƙarfi, amma abin da na koya shi ne ka raba kaya da aiki. Ku je shagon tare, ka biya dila da hannunka, a rubuta rasit da sunanka, a sa lambar jikin batir da ta inbata a kai. Garanti yana bin rasit ne, in sunan mai haɗawa ne a jiki, ranar da kuka ɓata ko ya bar gari, garantinka ya bi shi. Kuɗin aiki kuma ka ba da rabi, sauran sai an kunna, an kwana biyu ko uku ana gwadawa, ka ga da idonka batir ya kai asuba. Mai gaskiya ba zai ƙi wannan ba. Sannan duk takardar farashi da aka ba ka, ka tambaya kwana nawa za ta yi tana aiki, a rubuta. Rashin wannan layi ɗayan shi ya sa muka ƙara kuɗi a 2024.

In kuma biya kaɗan-kaɗan za ka yi, a nan nake so ku kasa kunne. Za ka ga talla an ce, biya kashi 30, ka kwashi kaya, sauran a wata 12, kuɗin ruwa kashi 4 kacal a wata. Kashi 4 ai kamar ba komai. Mu lissafa da miliyan 2.8 ɗinmu. Kashi 30 shi ne 840,000. Saura 1,960,000. Kashi 4 na wannan shi ne 78,400. A wata 12 ya zama 940,800. Ke nan duk wata za ka riƙa biyan wajen 241,700, kuma a ƙarshe solar miliyan 2.8 ta tsaya maka a miliyan 3.74. Ga inda dabarar take. A yawancin irin wannan tsari, ana lissafa kashi 4 ɗin ne a kan asalin bashin tun daga watan farko har na ƙarshe. A wata na 11, bashin da ya rage a kanka bai kai 330,000 ba, amma har yanzu kana biyan ruwan 1,960,000. In aka auna da abin da yake kanka a zahiri, kuɗin ruwan ya doshi kashi 80 cikin 100 a shekara, ba 48 da kake tsammani ba. Don haka tambaya ɗaya za ka yi wa duk mai ba ka kaya bashi: in na gama biya, jimla nawa ya fita daga aljihuna? Ya haɗa da kuɗin cike fom, da kuɗin inshora, da duk wani abu da ake cira a farko. Ya rubuta maka lamba ɗaya. In ya fara zagaye-zagaye, ka tashi.

Ba wai duk masu ba da bashin macuta ba ne. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, ka ga duk wanda ya ranto daga banki don ya ba ka kaya, dole ya ɗora abin da ya fi haka. Tsadar kuɗi ce a ƙasar gaba ɗaya. Amma sanin dalili ba zai rage maka ko sisi ba.

Da yawa daga cikin masu saurarenmu ba ma tsadar ce ta dame su ba, riba ce ba sa so su shiga. Akwai bankunan da ba sa harka da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, kuma tsarin da aka fi amfani da shi wajen sayen kaya shi ne murabaha. Banki ne zai sayi kayan, ya sayar maka da su a kan farashin da kuka amince, da ribarsa a bayyane, ka riƙa biya wata-wata. Kyawunsa shi ne farashin ya tsaya cak tun ranar da aka sa hannu, ko dala ta tashi ko ta faɗi. Amma kada ka shiga da tunanin kyauta ce ko lallai ta fi araha, ka nemi jimlar nan ka kwatanta. Kuma galibi za su nemi shaidar albashi ko shigar kuɗi a asusunka, da mai tsaya maka. Haka ma hukumar CREDICORP da gwamnatin tarayya ta kafa a 2024, tana da shirin ba da bashin sola da na mayar da mota mai amfani da gas, kuma ta hannun bankuna da cibiyoyin kuɗi take bi. Ma'aikaci mai albashi ya fi samun sauƙin shiga irin waɗannan. Mai shago a Kantin Kwari ko ɗan adaidaita, wanda kuɗinsa ba sa bi ta banki, shi ne ake bari a baya, alhali wani lokacin ya fi ma'aikacin samun kuɗi. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, amma maganar wata rana ce.

Sai tsarin biya-ka-sha-wuta, irin na kamfanoni kamar Sun King da d.light da Lumos. Waɗannan galibi ƙananan kaya ne, fitilu, fanka, talabijin, cajin waya. Ka ba da ɗan kafin alƙalami, a kafa maka, ka riƙa biya ta waya duk sati ko duk wata. Ranar da ba ka biya ba, akwatin zai kulle kansa, wuta ta ɗauke ko da rana tana tsaka. In ka kammala, a buɗe maka shi gaba ɗaya ya zama naka. Ga ɗalibi, ko mai ɗaki ɗaya, ko gidan ƙauye, wannan hanya ce mai kyau, don ba a neman takardar albashi. Jimlar abin da za ka biya ta fi kuɗin hannu, wannan babu makawa. Abin da za ka tabbatar kafin ka sa hannu shi ne, shin mallaka kake yi a hankali, ko haya kake yi har abada? Akwai tsarin da ko shekara nawa ka yi kana biya, kayan na kamfani ne. Ka kuma tambaya, in na yi wata biyu ban biya ba, me zai faru? Za a zo a kwance kayan? In an kwance, abin da na riga na biya fa? In an sace farantin daga kan rufi, wa zai ɗauki asarar, kuma zan ci gaba da biya? Amsoshin nan suna cikin takardar da muke sa wa hannu ba mu karanta ba.

Mu a gidanmu, karo na biyu ba mu bi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Adashi muka shiga, ni da yayana kowa da hannu ɗaya, muka roƙi uwar adashi ta jera mana kwasarmu kusa da juna. Muka fara da inbata da faranti, muka lallaɓa da gajiyayyun batiran nan, da rana dai akwai wuta, firizar Hajiya tana aiki. Bayan wata biyar muka ɗauko litiyom. Babu ruwa, babu mai kulle mana akwati. Haɗarinsa shi ne kaya suna iya tashi kafin kwasarka ta zo. Kuma in za ka gina a hankali haka, ka sayi inbatar da za ta karɓi litiyom tun farko, ka kuma yanke shawara tsakanin mai bolt 24 da mai 48. In kana da burin sa na'urar sanyaya ɗaki nan gaba, ka tafi 48 kai tsaye, in ba haka ba za ka sake sayen inbata da batir. Ma'aikata kuma su duba ƙungiyar taimakon juna ta wurin aikinsu, sau da yawa sharuɗɗanta sun fi na banki sauƙi nesa ba kusa ba.

Wani zai ce, duk wannan kuɗi, anya yana dawowa? Ya danganta da abin da kake gudu. In janareta kake kunnawa, a ce lita uku a dare, a lissafa lita a kan 1,000, ka ga 90,000 a wata. Ka ƙara baƙin mai da gyara, a ce 100,000. Miliyan 2.8 za ta dawo a wata 28, shekara biyu da wata huɗu. In ta tsarin kashi 4 ɗin nan ka bi, miliyan 3.74, sai ka haura shekara uku, kuma a shekarar farko za ka riƙa fitar da 241,700 a wata a madadin 100,000. Mai albashin 300,000 ya yi wa kansa faɗa kafin ya shiga. Amma in unguwarku ana samun wuta sosai, lissafin ya canja. Yunit huɗu da ɗoriya a rana, ko a farashin rukunin A, bai kai 30,000 a wata ba. A nan miliyan 2.8 za ta ɗauki wajen shekara takwas kafin ta dawo. Irin wannan gida wataƙila inbata da ƙaramin batir kawai yake buƙata don cike gurbin awannin da aka ɗauke, ba sai an cika rufi da faranti ba. Na san masu sayar da sola ba za su so wannan maganar ba, amma haka lissafin ya nuna.

'Yan haya, kafin a huda rufin mutane, ku samu mai gida ku rubuta a takarda cewa kayan naku ne kuma za ku kwance su ranar tashi, da wanda zai gyara kwanon in ya fara yoyo. Ku sa a ranku cewa kwancewa da sake kafawa wani kuɗin aikin ne. Wanda ya san ba zai wuce shekara ɗaya a gida ba, gara ya sayi irin akwatin nan da ake ɗauka a hannu, mai haɗe da batir da inbata, da faranti ɗaya ko biyu.

Akwai kuma ɗan kuɗin da ba ya shiga takardar kowa, wato wanki. Da hunturu, sati biyu ya isa ƙura ta rufe farantan har ka ga batir ya daina cika, ka fara zargin an sayar maka da jabu. Ruwa ne kawai da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma lokacin da gilashin ya huce, don ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi. Ni ƙanena nake ba 500 ya hau, kuma tun da ya gane ba na iya hawa tsani ya mayar da ita 1,000.

Nan za mu tsaya yau. A shiri na gaba na gayyato wani matashi da ya shekara shida yana haɗa sola, zai nuna mana yadda ake gane sabon batir da wanda aka wanke, da yadda ake karanta takardar da ke manne a bayan faranti. Wanda yake da takardar farashi a hannu yana shakka a kanta, ya rufe sunan mai shagon ya turo mana hotonta, za mu zaɓi biyu ko uku mu lissafa su tare a cikin shirin.